Ranar da Aka Hana Kukar Jaji Tari

Jama'a, masu karatu da waɗanda ake karanta wa a gindin tsamiya, ku zo ku yi mini jaje. Ni Ɗan'inna masaƙi, wanda ko a wa'azin bayan la'asar bai taɓa gyangyaɗi ba, ranar Talatar nan na yi barci a tsaye, cikin sahu, a gaban Bature. Na faɗi tim kamar buhun gyaɗa, aka yi mini shari'a ina minshari, aka yanke hukunci ban ko juya ba. Da na farka sai na tarar da tsintsiya a gefena, aka ce tawa ce sai abin da hali ya yi. Kada ku yi saurin cewa na sha wani abu ne. Na sha, ban musa ba, amma da umarnin manya na sha.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Garinmu Kukar Jaji yana gindin duwatsu, in ka baro Dutse ka kama hanyar Aujara. Muna da wani babban mutum, Allah ya ja zamaninsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ina son wuyana a inda yake. Mu dai a tsakaninmu Na-kusa-da-manya muke ce masa. Ba wanda ya san takamaiman aikinsa. Abin da muka sani shi ne, duk ranar da baƙo zai zo shi ne a gaba, duk ranar da za a yi aiki shi ne a inuwa.

Ana tsakiyar marka ya tara mu ya ce albishirinmu. Muka ce goro. Ya ce Nasara za su kawo mana ɗakin magani, amma mu za mu gina, kuma yanzu. Modibbo, malamin makarantar allon unguwarmu, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kakanninmu ba a gini da marka. A bari ruwa ya ɗauke mana."

Sai mai girma ya yi murmushi irin na wanda ya hango abin da yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce, "Malam, lafiya ba ta jiran rani."

To, ba ta jira ba. Muka bar gonaki a hannun ciyawa, muka shiga kwaɓa ƙasa, ruwa na dukanmu ta sama, taɓo na jan mu ta ƙasa. Mu ɗora bango da safe, kafin azahar ya zauna kamar tuwon da bai ji wuta ba, mu sake ɗorawa. Shi kuwa mai girma yana ƙarƙashin laima yana ba mu ƙwarin gwiwa, Allah ya saka masa, har muryarsa ta kusa dushewa. Ranar da aka ɗora jinka, babu namijin da bai kwashi tari ba a Kukar Jaji. Kun ga hikimar manya ke nan. Da an gina ɗakin magani babu marasa lafiya, ai an yi asara.

Kuma ba busasshen tarin nan na ƙaiƙayin maƙogwaro ba. Tari ne mai nauyi, mai majina. Ƙirjina ya riƙa ƙugi kamar tukunyar talge. In na zauna a kan masaƙa, kafin in wurga ƙoshiya sau biyu sai ya turnuƙe ni, in yi ta yi har hawaye, abin yana nan maƙale ya ƙi fitowa. Matata Gaji ta dafa mini citta da kanumfari, ta kawo zuma, ta kawo tafarnuwa har kaji suka daina zuwa kusa da ni. Sai ya ɗan lafa ya dawo.

Ana haka malamin magani ya iso a kan keke, jaki na bin sa da akwatin kwalabe. Sunansa Malam Muntaka, saurayi ne siriri daga birni, mai sanyin murya, mai yawan duban ƙasa. Muka yi layi tun daga ƙofar ɗakin har rijiya. Da aka zo kaina ya sa ni na yi tari, ya saurara, ya ɗauko wata kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa ya girgiza ta.

Na ce, "Malam, mene ne a ciki? Ni ba na shan abin da ban san sunan ubansa ba."

Ya ce, "Baba, haɗi ne. Abu uku ne a kwalba ɗaya. Na farko yana narka majinar da ta daskare a ƙirji. Na biyu yana buɗe hanyar numfashi. Na uku ɗan kaɗan ne, yana lallashin tarin don ka samu ka runtsa."

"To ba zai tsayar da shi gaba ɗaya ba?"

"Irin naka ba a tsayar da shi, Baba. Ƙirji ne ke share kansa. Mu taimaka masa kawai muke yi. Cokali ɗaya za ka sha, kada ka ƙara don ka ga kana sauri. Ka girgiza kafin ka sha, ka yawaita ruwan ɗumi, abin da ya fito ka tofar. In ka ga jini, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ka dawo."

Na sha. Ɗaci, gishiri-gishiri, da wani ɗan zaƙi a ƙarshe kamar mai ba da haƙuri. Amma fa ya yi aiki. Kwana kaɗan ƙirjina ya fara saki. Gaji ta ajiye mini kasko da toka a gefen masaƙa, ta ce in ta ga ko ɗigo a tsakar gidanta sai na koma gidan uwata. Haka gari ya ɗauka. Ko'ina ka bi sai kaki, daga masallaci har mahauta. Ba daɗin ji, na yarda, amma mutane sun fara komawa gona.

Ina da aboki, Bubayero, Bafillatani ne, rugarsu tana bayan duwatsu. Shi ma ya yi aikin ginin, kuma shi ya kai wa mahaifiyarsa, Dada, tarin gida. Dada tsohuwa ce tukuf, ƙarama kamar a sa a aljihu, amma in ta yi magana bijimi ma tsayawa yake. Nata ya fi na kowa tsanani, har ta daina cin abinci, tana kwana a zaune. Bubayero ya kai mata 'yar kwalba. Da ya dawo kasuwa na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ɗan'inna, jiya Dada ta nemi fura. Har ta zage ni a kan maraƙin da ya ɓata bara."

Na ce, "Alhamdu lillahi, sauƙi ya samu."

Ya ce, "Amma maganin ya kusa ƙarewa, kuma har yanzu numfashinta yana fito. Malam ya ce in kawo ta ranar da babban likita zai zo, ya duba ta da kansa."

A nan ne muka fara jin cewa Likita Bature zai zo ganin ɗakin magani. Kuma a nan ne mai girma ya farka.

Ina bakin tagar ɗakin ina jiran a cika mini kwalbata sai ga shi ya taso, babbar riga na jan ƙasa, barorinsa na biye. Kan hanyarsa ya wuce ta gaban mahauta, inda aka gaishe shi da kaki ta dama da hagu. Ya shiga ya tsaya a kan Malam Muntaka.

"Kai Malam, wane irin magani ne wannan da ke ƙara wa mutane tari? Gari ya koma kamar kududdufin kwaɗi. Haka Bature zai zo ya tarar da mu?"

"Ranka ya daɗe, fitar da ciwon suke yi."

"Su fitar da shi bayan baƙo ya tafi. An ce mini abu uku kake haɗawa. Wanne ne mai sa shiru?"

"Na ukun, ranka ya daɗe. Amma kaɗan ake sawa, yana sa barci. In aka danne irin wannan tarin kuma majinar za ta zauna a..."

"Shi za ka cika. Sauran biyun ka ba su hutu."

"Ranka ya daɗe, ai likita ne zai zo. Marasa lafiya yake son gani."

Mai girma ya dube shi daga hula har takalmi. Ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake tarbar Turawa. Ba abin da suke so kamar tsafta da shiru. Ɗakin da kake kwana, na wane ne?"

Malam Muntaka ya dubi ƙasa, inda ya saba duba. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin, kuma an ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Da yamma mai shela ya zaga. Ranar Talata ba tari, ba kaki, ba tofi. Kowane namiji ya zo da hantsi ya karɓi cokalinsa ya shiga sahu da wankakkiyar riga. Tsofaffi da masu jin jiki a shigar da su ɗaka a saki asabari. Wanda ya yi tari a gaban baƙo, shi zai ɗauki kayan baƙon a ka har Taura. Ni dai tunda nake ban taɓa jin an yi wa tari iyaka ba, amma wa ya san abin da zamani ya zo da shi.

Ranar Litinin da la'asar Bubayero ya iso da Dada a kan takarkari, ta naɗe da zane, numfashi na fita da ƙyar. Barorin mai girma suka tare su a bakin gari. Suka ce ko dai ya juya da ita, ko a ɓoye ta. Bubayero ya zo ƙofar gidana idonsa ja.

Gaji ta leƙo ta ce mini, "Malam, tsayuwar me kuke yi? A shigo da ita ɗakina."

Aka shimfiɗa mata tabarma. Bubayero ya kawo sabon haɗin da aka ba shi, ya ɗiba a cokali. Dada ta ɗanɗana da bakin harshe, ta tofar.

Ta ce, "Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne, Dada. Kwalbar ce ma iri ɗaya."

"Ni za ka gaya wa? Shekara nawa ina gane nonon da aka tsarma da ruwa? Wancan yana da ɗaci, yana tono. Wannan lallashi ne kawai. Ɗauke mini."

Muka yi, muka yi, ta ƙi. Na ce, "Dada, umarnin manya ne." Ta dube ni ta ce, "Manyan ne za su yi mini numfashi?" Na fita duba akuya.

Ranar Talata muka hallara. Ba Malam Muntaka ne ke ba da maganin ba, yana gefe ya haɗa tagumi. Barorin mai girma ne ke riƙe da cokali, cokalin kuwa ban san inda suka samo shi ba, ya fi kama da ludayi. Na sha nawa. Tsautsayi ya sa na ɗan yi gyaran murya. Sai babban baran ya ce, "Wannan bai ji ba, ƙara masa." Aka ƙara mini. Na buɗe baki in ce ya isa, ya ɗauka tari ne zai fito, ya sake ɗura mini.

Muka jeru daga bakin kuka har ƙofar ɗakin magani. Jama'a, ban taɓa ganin Kukar Jaji da natsuwa irin ta ranar ba. Ko ƙuda ya wuce sai ka ji. Mailafiya mahauci, wanda muryarsa ke kaiwa ƙauye uku, yana tsaye ido rabi a rufe yana murmushi shi kaɗai. Ƙirjina na ji ya cika ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa, amma tarin ya ƙi tasowa, ni ma ban damu ba. Komai ya yi mini daɗi. Har mai girma na gani ya yi kyau.

Rana ta take sai ga Likita a kan doki da malafarsa, tafinta na biye. Na tuna ya sauka. Na tuna ya fara bin sahu yana dubanmu ɗaya ɗaya. Na tuna takalminsa ya iso gabana, na ce bari in rusuna in kwashi gaisuwa. Rusunawar ke nan. Ƙasa ta taso ta tarye ni.

Sauran labarin daga bakin Gaji na ji shi, domin ita da matan unguwa suna bayan zana suna kallo ta huda.

Ta ce da na faɗi, mai girma ya ce wa tafinta ya gaya wa baƙo haka muke gaisuwa in mun ga babban mutum. Likita ya ɗaga gira ya wuce. Ya shiga ɗakin magani ya ga manyan kwalaben abubuwa biyun da aka ba hutu cike, kamar ba a ko taɓa su ba. Ya fito ya tambaya ko akwai marasa lafiya a garin.

Mai girma ya buga ƙirji ya ce, "Ko ɗaya! Garinmu lafiya sai godiya."

Likita ya yi magana mai tsawo, tafinta ya juya. Ya ce baƙo ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tunda haka ne, akwai garuruwa wajen Miga da tari ya kwantar, ba su da ko cokali. Za a kwashe akwatin da malamin a kai can, ɗakin kuma a riƙa ajiye gyaɗa.

Gaji ta ce mai girma ya ci gaba da murmushi, don murmushin ya riga ya fito ba shi da hanyar komawa. Mazajen gari kuwa suna tsaye suna layi kamar dawa a iska, ba wanda ya gane an sayar da su. Bubayero ma ya sha nasa, ya jingina da kuka yana kallon sama.

Sai Gaji ta ruga gida. Ta tarar Dada ta riga ta miƙe tana laluben sandarta, don ta ji komai ta katanga.

Dada ta ce, "'Yata, kama ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Suka fito, tsohuwa na jan ƙafa, Gaji na riƙe da ita, matan unguwa suka biyo su. Wani bara ya taso zai tare, Dada ta nuna shi da sanda ya tsaya. Ta je har gaban Likita, ta ja numfashi, ta saki tari. Gaji ta ce tarin nan tun daga tafin ƙafa ya taso. Dokin Bature sai da ya ja baya. Da ta gama ta juya gefe ta tofar, a gaban kowa, ta share baki da gefen zane, ta ce wa tafinta, "Gaya masa wannan nawa ne. Na sauran an ɗaure shi."

Likita ya sa ta zauna, ya ciro robar nan ta sauraren ƙirji ya ɗora mata a baya, ya daɗe yana ji. Daga nan ya bi sahu. Ya ɗora wa Mailafiya, ya ɗora wa na kusa da shi, ya durƙusa ya ɗora mini ina kwance, ya buɗe idona da yatsa. Ya sa aka kawo kwalbar da aka ba mu ya shinshina. Gaji ta ce fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya tambaya wa ya sauya haɗin.

Malam Muntaka ya dubi ƙasa. Barori suka dubi sama. Mai girma ya dubi hagu, ya dubi dama, yana neman wanda ba zai musa ba. Sai idonsa ya sauka a kaina.

Ya ce, "Wancan na kwancen ne. Shi ya yi ta damun Malam a ƙara mai daɗin, har ya zuga jama'a. Jahilci ne na talakawa, muna fama da su. Dubi yadda ya sha ya fi kowa."

Aka tambaye ni ko ina da abin cewa. Gaji ta ce na amsa da minshari. Ita ta buɗe baki za ta yi magana, tafinta ya ce ba a sa da mata ba, kuma baƙo yana sauri. Ko Likita ya yarda ko bai yarda ba, Allah masani, amma an ce ya daɗe yana kallon mai girma kafin ya kau da kai.

Likita ya tuɓe kwat, ya shiga ɗaki ya tsaya a kan Malam Muntaka aka sake haɗin yadda yake, kowane kashi da ma'auninsa. Ya ce akwati ya zauna. Ya ba Dada cokalin farko da hannunsa, ta ɗanɗana ta ce, "Yauwa, shi ne." Ya ce a bar ta a gari kusa da malamin magani har ƙirjinta ya washe. Mu kuma aka kwashe mu kamar dami aka kai inuwa, ya ce a kula da numfashinmu, kada a sake ba kowa komai sai ya wartsake. Mailafiya sai da ya yi kwanaki a kwance, don majinar da aka danne ta zauna masa, amma ya tashi.

Dada tana ɗakin Gaji har yanzu. Tana cin tuwo, tana shan cokalinta a kan kari, ta kuma karɓe mulkin gidana. Jiya ta ce saƙata ta yi sako-sako. Na ce na gode.

Ni kuwa hukuncina sharar harabar ɗakin magani kowace safiya, don in zama darasi. Malam Muntaka yakan fito ya karɓi tsintsiyar ya taya ni in ba kowa. Mai girma kuma an ce an yaba masa daga sama saboda saurin gano mai laifi. Ya cancanta. Ba kowa ke iya kama ɓarawo yana barci ba.

Sai dai shekaranjiya ina shara na ga babban baransa ya zagayo ta bayan ɗaki da kwalba a cikin hannun riga, yana raɗa wa Malam cewa a ba shi mai ɗacin, mai tonon, kada a rage komai. Da na bi ta ƙofar gidan mai girma kuwa na ji wani ƙugi na fitowa daga soro, har tantabaru suka tashi. Na tsaya na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba maigida lafiya. Baran ya harare ni ya ce wa ya ce mini tari ne. Manya ba sa tari. Gyaran murya yake yi, zai yi jawabi.

Allah ya sa mu ji alheri. Jawabin dai da alama mai tsawo ne, don har kasko da toka aka shigar masa.